Hangen Kamuku Ta Taga: Tarihin Yadda Hoto Ya Zauna a Allon Kwamfuta

A watan Oktoba na 2021 babu wayar da take shiga Birnin Gwari. Tun ƙarshen Satumba gwamnatin jihar Kaduna ta sa an katse layukan sadarwa a yankunan da 'yan bindiga suka addaba, da nufin raba su da masu kai musu rahoto. Hanyar mota kuwa, wadda ta tashi daga Kaduna ta ratsa Buruku da Udawa, ta jima da zama wadda direba ba ya hawa sai ya nemi gafarar iyalinsa. A wannan hali aka ɗora mini rubuta labarin ƙauyukan da suka tashi. Ba zuwa, ba waya.

Wani abokin aikina, ɗan manomi da ya karanta ilimin taswira a jami'a, ya ga na rasa tudun dafawa, sai ya jawo kujera ya buɗe kwamfutarsa. Ya jera tagogi biyu a allo. A ta hagu hoton wani yanki ne na ƙaramar hukumar, wanda tauraron ɗan'adam ya ɗauka a kakar 2016. A ta dama wurin ne dai, a kakar 2021. A hoton farko ido yana iya bin iyakokin gonaki, kowace da shacinta. A na biyu shacin ya dushe, kore iri ɗaya ya lulluɓe wurin. Na ce ai damina ta yi albarka. Ya girgiza kai ya ce: "Ciyawa ce. Ba a noma nan ba bana."

Shekarun nan, mafi yawan masu yanke hukunci a kan dajin Birnin Gwari, soja ne ko ɗan jarida ko jami'in gwamnati, ta irin wannan taga suke ganinsa. Saboda haka ya kamata mu san tagar: wa ya ƙera ta, yaya ake girka ta, kuma ina ganinta ya tsaya.

Kwamfuta kafin ta yi fuska

Kwamfutocin farko ba su da allon kallo irin na yau. Mai aiki yakan huda umarninsa a kan kati, ya miƙa wa ma'aikacin ɗakin na'ura, ya dawo bayan sa'o'i ya karɓi amsa a takarda, lambobi ne zalla.

A 1957 wani injiniya mai suna Russell Kirsch, a hukumar ma'aunai ta Amurka, ya naɗa hoton jaririnsa ɗan wata uku a jikin wata ganga mai juyawa, na'ura tana karanta haske da duhunsa ɗigo bayan ɗigo. Hoton ya koma ɗigo 176 a tsaye, 176 a kwance, jimilla 30,976. Dabarar da aka kafa ran nan ita ce har gobe: a yanka hoto zuwa ƙananan murabba'ai, a ba kowanne lamba gwargwadon haskensa. Kowane ɗigo shi ake kira fiksel. A riƙe wannan kalma, za mu sake haɗuwa da ita a Kamuku.

Mayar da hoto lambobi abu ɗaya ne, nuna shi ga mutum yana zaune yana aiki wani abu ne dabam. A ranar 9 ga Disamba 1968 Douglas Engelbart ya tsaya gaban taron masana a San Francisco da wani ɗan akwati mai ƙafafun tayoyi a hannunsa, linzamin kwamfuta ke nan, ya nuna allo da aka raba gida-gida, kowane gida da abin da yake nunawa. Bayan shekara biyar, a 1973, cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto ta ƙera na'urar Alto. Allonta yana da ɗigo 606 a kwance da 808 a tsaye, kuma kowane ɗigo yana da gurbinsa a ƙwaƙwalwar na'urar. Wannan almubazzaranci ne a ma'aunin wancan zamani, domin allon kaɗai ya cinye kusan rabin ƙwaƙwalwar. Amma da shi aka samu 'yancin zana komai a ko'ina: harafi, layi, fuskar mutum. A can ne Alan Kay da Dan Ingalls da abokan aikinsu suka fito da tagogi masu hawa kan juna, kamar takardu a kan teburin akawu.

Steve Jobs ya ziyarci cibiyar a Disamba 1979. Kamfaninsa na Apple ya fitar da Lisa a 1983 a kan dala 9,995, ba ta yi kasuwa ba. Ya biyo da Macintosh a Janairu 1984 a kan dala 2,495, ita ta karɓu. Microsoft ya fitar da Windows na farko a Nuwamba 1985, sunansa ma "tagogi" yake nufi. Wannan sashe na tarihin an sha ba da shi. Sashen da ba a cika bayarwa ba shi ne na maƙeran da suka sa taga ta yi arha.

Maƙeran taga

Magini a Birnin Gwari ba ya ƙera taga da hannunsa. Yakan bar gurbi a bango, ya je wurin mai walda ya ɗauko wadda aka riga aka haɗa, da marfinta da sakatarta, ya ɗora. Haka mai rubuta manhaja yake yi. Taga a allo ba ƙaramin aiki ba ce: sai an zana gefunanta, an lura da motsin linzami, an san lokacin da wata taga ta rufe ta da lokacin da ta janye domin a sake zana abin da ya ɓoye. Tarin umarnin da wani ya riga ya rubuta domin waɗannan ayyuka, wanda kowa zai ɗauka ya yi gini a kansa, shi masu sana'ar suke kira laburare.

A 1984 Bob Scheifler da Jim Gettys na jami'ar MIT suka fara tsarin tagogi mai suna X, wanda ya zama harsashin kwamfutocin jami'o'i da ɗakunan bincike. Sai dai X ɗanyen ƙarfe ne. Kafin mutum ya fito da taga guda mai ɗauke da gaisuwa, sai ya cika shafi da umarni. Wani malami a jami'ar Berkeley, John Ousterhout, ya lura da wannan wahala. Ya ƙirƙiro harshen Tcl a 1988, sannan a 1991 ya saki laburaren Tk, wanda ya mayar da aikin shafi guda zuwa layi biyu ko uku, kuma ya bayar da shi kyauta. A shekarar ce Guido van Rossum ya saki harshen Python a ƙasar Holan. Daga baya aka gina gada tsakanin su biyun, ita ce Tkinter, wadda har yau take zuwa tare da Python.

A 1991 ɗin dai, wasu matasa biyu 'yan Norway, Haavard Nord da Eirik Chambe-Eng, suka fara rubuta laburaren Qt, suka sake shi ga jama'a a 1995. Burinsu a rubuta manhaja sau ɗaya ta yi aiki a kan kowace irin kwamfuta. Qt ya yi kyau, amma lasisinsa na farko ya bar ikon gyara shi a hannun kamfanin, abin da ya jawo rigima mai zafi. Masu ra'ayin cewa dole manhaja ta zama 'yantacciya suka ƙi gini a kansa. A 1997 suka kafa aikin GNOME a kan wani laburare, GTK, wanda ɗalibai biyu na Berkeley, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka rubuta domin manhajarsu ta gyaran hoto. A shekarar 2000 kamfanin Qt ya sauko, ya sake shi a ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya halatta wa kowa ya kwafa, ya gyara, ya raba.

Daga nesa wannan rigima tana kama da gardamar malamai a kan wasali. Amma sakamakonta ya iso har gida. Saboda ita ne yau matashi zai iya ɗaukar manhaja mai daraja a ɗan filas, ya ɗora wa abokai goma, kamar yadda masu tura waƙoƙi suke yi a bakin kasuwa, ba tare da ya saci haƙƙin kowa ba.

Ranar da na girka tawa

Bayan wancan labari na 2021 na ƙudurta sai na ga cikin abin da idona. Ina da ɗaruruwan hotuna da matafiya da 'yan gudun hijira suka turo mini, ina son 'yar manhaja da za ta riƙa nuna mini su ɗaya bayan ɗaya ina rubuta bayani.

Girkawar ba ta da tsawo. A Windows, Tkinter yakan shigo tare da Python. A Ubuntu sai an ƙara shi da umarnin `sudo apt install python3-tk`. Sai matsalar nau'in hoto. Tk da kansa yana karanta GIF, kuma tun fitowarsa ta 2012 yana karanta PNG, amma ba ya karanta JPEG, alhali kusan duk hoton da waya take ɗauka JPEG ne. Nan ake neman laburare na biyu. Fredrik Lundh, ɗan Suwidin, ya rubuta PIL a 1995. Da aikin ya tsaya, wasu suka ɗauke shi a 2010 suka ci gaba da shi da sunan Pillow. Ana sauke shi da `pip install pillow`, megabait kaɗan ne. Daga nan layi shida sun wadatar:

```
import tkinter
from PIL import Image, ImageTk
taga = tkinter.Tk()
hoto = ImageTk.PhotoImage(Image.open("gona.jpg"))
tkinter.Label(taga, image=hoto).pack()
taga.mainloop()
```

Layi biyun farko suna kiran maƙera. Na uku ya buɗe taga. Na huɗu ya warware JPEG ɗin ya mayar da shi ɗigo-ɗigo. Na biyar ya manna shi a tagar. Na ƙarshe shi ne mai gadi: yana zaune yana jiran a taɓa maɓalli ko a ja taga, ya amsa, ya koma jira, har a rufe.

Da na faɗaɗa 'yar manhajar, na cusa layin hoton cikin wani ɗan sashe na dabam, sai taga ta buɗe fayau, babu komai a ciki, babu kuma saƙon kuskure. Na kwana biyu ina zargin hoton. Ashe tsohon tarko ne da kusan kowane ɗan koyo yake faɗawa. Python yana da mai shara, wanda yake kwashe duk abin da babu wani suna da yake riƙe da shi. Da sashen ya gama aikinsa sunan hoton ya tafi, mai shara ya share hoton, ita kuwa taga ta ci gaba da tsayuwa kamar ba abin da ya faru. Maganin layi ɗaya ne, a ɗaure hoton da sunan da zai daɗe. Darasin da na ɗauka ya fi layin girma: taga tana iya buɗewa lafiya ƙalau, ta nuna wofi, kuma ba za ta gaya wa mai kallo cewa akwai abin da ya ɓace ba.

Dajin daga sama

Kallon dajin Birnin Gwari daga nesa ya girmi kwamfuta. A 1936 aka keɓe Kamuku a matsayin gandun daji na En'e, aka shata masa iyaka a takarda. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1946, Ingila ta kafa hukumar safiyon ƙasashen mulkin mallaka, jirage suna ɗaukar hoton ƙasa daga sama, ma'aikata a can Ingila suna duba hotunan bibbiyu da madubi na musamman suna fitar da taswira. Hoton yana wurinsu, tagar tana wurinsu. Mai gonar da aka ɗauka bai ma san an ɗauka ba.

A ranar 23 ga Yuli 1972 Amurka ta harba Landsat na farko, ɗauke da na'urar ɗaukar hoto da injiniya Virginia Norwood ta tsara. Tun daga lokacin taurarin Landsat suke ratsa saman duniya, Kamuku a ciki, suna tara hoto. A Mayu 1999 gandun ya zama na tarayya, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,120, mazaunin giwa da gwanki, maƙwabcin dajin Kuyambana na Zamfara. A shekarar aka kafa hukumar sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, wadda ta harba NigeriaSat-1 a Satumba 2003, sannan NigeriaSat-2 a Agusta 2011.

Hotuna sun yawaita, amma abu biyu ya tsare ƙofa: kuɗin hoto da kuɗin manhajar buɗe shi. Hoton Landsat guda yakan ci ɗaruruwan daloli, manhajar taswira ta kasuwa kuma sai ma'aikata mai kasafi. Ƙofar farko ta buɗe a 2008, da Amurka ta mayar da rumbun Landsat kyauta ga kowa. Turai ta biyo da Sentinel-2 a 2015, shi ma kyauta. Ta biyun wani mutum mai suna Gary Sherman ya fara tura ta a 2002, da ya zauna rubuta manhajar duba taswira a kan laburaren Qt. Ana kiranta QGIS, harafin Q ɗin daga Qt ya aro shi. Ita ce abokina ya buɗe a 2021. Tagogin nan biyu da ya jera mini, aikin matasan Norway ne na 1991, kuma rigimar lasisi ta 1997 ce ta sa bai biya ko kwabo ba.

Akwai kuma wani amfani da katse layin waya ya fito da shi fili. Shafin intanet yana mutuwa da mutuwar layi. Manhajar da aka girka a cikin kwamfuta, da hotunan da aka riga aka sauke, ba ruwansu da layi. A wata biyun da aka yi babu sadarwa, duk wanda yake da su a Birnin Gwari wutar caji kawai yake buƙata.

Inda gani ya tsaya

Yanzu mu koma ga fiksel. A hoton Landsat na yau, ɗigo guda yana wakiltar ƙasa mai mita 30 tsawo da 30 faɗi, murabba'in mita 900, kusan fuloti biyu na hamsin-da-ɗari. Duk abin da yake cikin wannan fili, bukka ce ko rijiya ko kabari, launi ɗaya zai zama. Gandun Kamuku baki ɗaya ɗigo miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ne da ɗoriya, wato kaɗan ya fi allon ƙaramar kwamfutar cinya. A Sentinel-2 ɗigon mita 10 ne, ana ganin shacin gona da ƙonannen wuri da ramukan masu haƙar zinariya idan sun yi faɗi, amma babur ba ya fitowa, balle wanda yake kansa. Da damina girgije yakan rufe komai. Ƙarƙashin inuwar itatuwa kuwa, inda ake tsare waɗanda aka sace, babu tauraron kyauta da yake leƙawa.

Ko da hoto ya fito tas, fassararsa ba ta cikin tagar. A daren 3 ga Disamba 2023 jirgin soja maras matuƙi ya jefa bam kan taron Maulidi a Tudun Biri, a ƙaramar hukumar Igabi, gabas da Birnin Gwari. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85. Rundunar soji ta amsa cewa jirginta ne, ta ce an ɗauki motsin mutanen tamkar na 'yan bindiga. Daga sama, da dare, taron mutane taron mutane ne. Duk yaron ƙauyen ya san daren Maulidi ne. Wannan sanin bai kai ga allon ba. Hausawa sun riga sun faɗa, hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ni ma ai kuskuren da na yi ke nan, a ƙaramin sikeli. Na ga kore na ce albarka. Abokina ya ce ciyawa, ba don kwamfutarsa ta fi idona ba, sai don ya taso yana bin mahaifinsa gona, ya san cewa a kaka gonar da aka noma ba ta zama kore shar daga gefe zuwa gefe.

Wa zai zauna a bakin tagar

A ƙarshen Nuwamba 2024 gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya sake buɗe kasuwar shanu bayan sulhun da aka ƙulla, mutane suka fara komawa garuruwan da suka bari. Ra'ayi ya bambanta a kan sulhun, kuma ba shi ne batunmu ba. Batunmu abin da mai komawa zai taras. Gonar da ta shekara biyar ko bakwai ba a noma ba, kunyarta ta baje, itacen da yake alamar iyaka wataƙila an sare, dattijon da ya san inda gonar wane ta tsaya wataƙila ya rasu a gudun hijira. Burtalin shanu ma haka. A ƙasar da rikicin gona da kiwo ya riga ya ci rayuka, iyakar da ta ɓace ba ƙaramin haɗari ba ce.

Hotunan shekarun da gonakin suke raye suna nan a rumbu, kowanne da kwanan watansa, kyauta. Manhajar buɗe su kyauta ce, tana shiga filas, kuma lasisinta ya yarda a fassara maɓallanta zuwa Hausa. Abin da shekara sittin na aikin injiniyoyi bai samar ba, kuma ba zai samar ba, shi ne mutumin da zai kalli ɗigo ya ce wannan fadamar gidan wane ce, wancan layin burtali ne, can tsohuwar maƙabarta ce.

Irin wannan mutum yana Kuyello, yana Dogon Dawa, yana Randagi. Abin da ya rage a haɗa shi da tagar: tsohuwar kwamfutar cinya a sakatariyar ƙaramar hukuma ko a zauren hakimi, matashin garin da ya koyi girka manhajar yana riƙe da linzami, mai unguwa da sarkin noma da arɗo suna zaune a gefensa suna nuni da yatsa. Tun 1936 wasu ne suke kallon dajin nan daga nesa suna shata masa layi. Wannan ne karon farko da kuɗin tagar bai fi ƙarfin mutanen cikinsa ba.